Tambaya da Amsa: Dattijo Ya Ce Na Tsallake Yunwa

TAMBAYA: Baba Fasto, ina gaisuwa. Ni mai bishara ne a wani ƙauye a ƙasar Sumaila. Ina yawan sauraron masu wa'azin Amurka a waya. Ran Lahadi na yi wa'azi a kan ɗan da ya ɓace, Luka 15, na tsaya a kan almubazzarancinsa. Da aka tashi sai wani dattijo ya ce mini, "Yaro, ka tsallake yunwar." In daina sauraronsu ne?

AMSA: Ɗana, dattijon nan ya yi gaskiya. Duba aya ta 14: bayan yaron ya cinye dukiyarsa, babbar yunwa ta faɗa wa ƙasar. Ba kai kaɗai ka tsallake ta ba. Wani malamin tauhidi Ba'amurke, Mark Allan Powell, ya sa ɗalibai 100 a Amurka su karanta labarin su maimaita shi da ka, 6 kacal suka ambaci yunwar. Da ya gwada a birnin San Fitasbag na Rasha, 42 cikin 50 suka ambace ta, domin iyayensu sun ga yunwa lokacin da sojojin Jamus suka yi wa birnin ƙawanya daga 1941 zuwa 1944. Wanda bai taɓa kwana da yunwa ba, idonsa zai wuce ayar bai sani ba.

Mu kuwa mun sani. Ina yaro lokacin farin 1973, na ga mahaifiyata ta leƙa rumbu ta sauko ba ta ce uffan ba. Har yau ba na iya karanta ayar nan da sauri.

Akwai kuma abin da ɗan gandu zai ji tun daga aya ta 12. Yaro ya ce a raba gado uba na da rai! Ya rusa gandu, ya kunyata gida a idon gari. Sannan ka taɓa ganin mai gida ya tattare babbar riga ya sheƙa da gudu a bainar jama'a? Uban nan ya yi, ya zubar da girmansa don ya tari ɗansa. Dattawanka za su yi kuka a nan in ka ba su dama.

Kada ka daina sauraron na waje, ko kusa. Su ma suna ganin abin da ya shige mana duhu: mu da kunya ke hana mu faɗin laifin babba, muna bukatar mai tuna mana cewa annabi Natan ya tsaya gaban sarki Dawuda ya gaya masa zunubinsa. Sai dai ka faɗaɗa. Nemi masu wa'azin Habasha, Masar da Koriya, ka bincika koyarwar marigayi Byang Kato, malamin tauhidi ɗan Kwoi.

Kafin Lahadi mai zuwa, ɗauki Littafi Mai Tsarki ka je zauren dattijon nan da yamma. Karanta masa nassin a hankali, ka tambaye shi me ya ji, ka yi shiru har ya gama.