Gwaji bai nuna komai ba, amma jiki yana ciwo

Wata uwa daga Marwa: Likita, tun rasuwar maigidana bara nake fama da faɗuwar gaba da ciwon kai, wani lokaci kamar tsutsa na yawo a cikin kan. Sau uku ana yi mini gwajin zazzaɓin cizon sauro da taifot ba a ga komai ba, har dangi sun fara cewa raki ne ko sammu.

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan maigida. Ciwonki gaskiya ne, ba raki ba ne. Idan damuwa ta zauna a rai, ƙwaƙwalwa kan umarci wasu 'yan tsoka biyu da ke bisa ƙoda su saki sinadaran adiranalin da kotizol, sai zuciya ta ƙara bugu, naman wuya da na kai su ɗaure, barci ya ƙaurace wa ido. Wannan shiri yana ceton wanda ya ci karo da maciji a gonar masakwa, amma idan ya ɗauki wata da watanni bai lafa ba, jiki ne ke ɗanɗana kuɗarsa. Duk da haka ba na gaggawar ɗora wa damuwa laifi kafin a auna hawan jini, a duba ƙarancin jini da maƙoƙo. Idan sun fito lafiya, ki daina sayen allurar taifot, ki nemi likitan ƙwaƙwalwa ki buɗe masa cikinki, domin zuwa wurinsa ba shaidar hauka ba ce.

Wani ɗan kasuwa daga Kuseri: Bashi ya yi mini katutu, cikina kuma yana zafi. Tunani ne ya sa mini olsa?

Amsa: Alhaji, tunani yana tsananta zafin, amma yawancin gyambon ciki daga wata ƙwayar cuta yake, H. pylori, wadda likitoci biyu suka gano a Ostireliya a 1982, ko daga yawan shan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac. A gwada ka. Idan ka ga baƙin bayan gida ko aman jini, kada ka kwana ba ka je asibiti ba.

Wata ɗaliba daga Ngaundere: Duk ranar jarrabawa sai gudawa ta kama ni.

Amsa: 'Yata, hanji yana da jijiyoyin da ke karɓar saƙon fargaba kai tsaye daga ƙwaƙwalwa. Ki rage kofi da shayi mai kauri, ki yi barci da wuri, ki riƙa jan numfashi a hankali kafin a raba takarda.