Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Karena Yake Jan Gindi a Ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kare mai gadin gida, shekararsa 3. Kusan mako biyu ke nan yakan zauna ya ɗaga ƙafafun baya, ya riƙa jan gindinsa a kan siminti, sannan ya juya yana lasar ƙarƙashin wutsiyarsa, ga kuma wani ƙarni da ke tashi daga jikinsa. Maƙwabcina ya ce basir ne, wani kuma ya ce tsutsar ciki ce. Na ba shi maganin tsutsa, amma bai daina ba. Mene ne abin yi? (Daga wani mai karatu a Zariya)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Mu fara ajiye maganar basir a gefe, domin ba kasafai kare yake yin basir irin na ɗan Adam ba. Ƙarnin da ka ambata shi ne ya fi jan hankalina, don yana nuni ga wani wuri da yawancin masu kare ba su san da shi ba.

Kowane kare yana da wasu ƙananan jakunkuna guda biyu a ƙarƙashin fata, ɗaya a dama ɗaya a hagu na dubura, waɗanda in da za a kwatanta wurin da fuskar agogo, to suna wajen ƙarfe 4 da ƙarfe 8. A cikinsu ake tara wani ruwa mai ƙarni kamar na kifi, wanda karnuka suke gane junansu da shi, shi ya sa za ka ga idan sun haɗu sai su fara sansanar bayan juna. A bisa ƙa'ida, duk lokacin da kare ya yi kashi mai ƙwari, kashin yakan matse jakunkunan, ruwan ya fita da kansa. Amma idan ya daɗe yana zawo ko kashi mai laushi, ko kuwa ƙiba ta yi masa yawa, sai ruwan ya taru ya yi kauri, hanyar fitarsa ta toshe, wurin ya cika yana damunsa. Jan gindin da kake gani ƙoƙari ne yake yi na rage wannan cikar, ba wasa ba ne, kuma duka ko tsawa ba za su hana shi ba.

Mai maganar tsutsa ma bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Akwai tsila da kare ke ɗauka idan ya haɗiye ƙuma a lokacin da yake cizon jikinsa, kuma gutsattsarinta sukan fito su maƙale a gashin dubura, farare kamar ƙwayar shinkafa, su sa masa ƙaiƙayi. Sai dai ba kowane maganin tsutsa ne yake kashe tsila ba. Wanda yake ɗauke da sinadarin praziquantel shi ne nata, kuma muddin ba a kawar da ƙumar daga jikinsa da makwancinsa ba, za ta sake dawowa. Haka nan ba wa kare ɗanyen kayan ciki daga mayanka, abin da mutane da yawa ke yi saboda sauƙinsa, hanya ce ta kamuwa da wasu nau'o'in tsila, don haka a riƙa dafawa tukuna. Borin jini daga abinci, da kashi da ya bushe a gashi, su ma sukan jawo jan gindi.

Abin da za ka yi shi ne ka sa wanda karen ya saba da shi ya riƙe shi, ka ɗaga wutsiyar ka duba da rana. Idan datti ne kawai, ruwan ɗumi da tsumma mai tsabta sun wadatar. Idan ba ka ga komai ba, kai shi wurin likitan dabbobi, wanda zai sa safar hannu ya matse jakunkunan cikin 'yan mintoci. Ba na ba ka shawarar ka gwada matsewa da kanka tun ba a nuna maka ba, domin hannun da bai ƙware ba yakan ƙara kumburi, ga kuma haɗarin cizo daga karen da ke jin zafi. Daga baya, ɗan dafaffen kabewa a cikin abincinsa yakan taimaka wa kashinsa ya yi ƙwari.

Idan kuwa ka ga kumburi ja a gefen dubura, ko jini, ko mugunya, ko yana kuka wajen yin kashi, to wurin ya zama maruru, kuma yana iya fashewa ta fata, saboda haka a kai shi asibiti a ranar. Kafin ku isa, kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane, musamman ibuprofen, domin yana iya yi masa gyambon ciki ya kuma lalata masa ƙoda.