Sudo ta ƙi karɓar umarni daga Python, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Na yi hayar sabar Ubuntu, shafin shagonmu ne a kai, sai na rubuta ɗan kod da Python da Paramiko (kayan aikin Python na yin SSH) don ya riƙa shiga ta SSH (amintacciyar hanyar shiga sabar daga nesa) yana tada nginx (manhajar da ke nuna wa masu ziyara shafin) in ta maƙale, to shiga kam yana shiga lafiya lau amma da ya zo kan sudo (umarnin da ke ba da ikon babban mai kula da sabar, wato root) sai ya tsaya cak wai sai da terminal za ta karɓi faswod. Abokina ya ce in rubuta faswod ɗin cikin kod ɗin kawai in huta. In yi? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah kar ka yi. Ita sudo ta saba tambayar mutum ne a gaban allo, shi kuwa exec_command na Paramiko ba ya buɗe terminal sai ka sa masa get_pty=True, ko ka kira sudo -S ka tura mata faswod. Duk suna aiki, ban musa ba, amma faswod ɗinka zai zauna a fili cikin fayil, ranar da ka tura kod ɗin GitHub (shafin ajiye kod a intanet) ko laptop ta ɓace shikenan ka miƙa mukullin gidan gaba ɗaya, kuma wallahi abin na damuna don sakaci ne ƙarami mai jawo asara babba.

Buɗe sabon asusu a sabar, ka kira shi aiki, wanda wannan hidimar kaɗai zai yi. Haɗa mukullin SSH (mai maye gurbin faswod wajen shiga) da ssh-keygen -t ed25519, ka kai shi can da ssh-copy-id, kod ɗinka ya riƙa shiga da shi. Sannan ka buga sudo visudo -f /etc/sudoers.d/aiki ka rubuta layin nan:

aiki ALL=(root) NOPASSWD: /usr/bin/systemctl restart nginx

Ka ga yanzu ko ɓarawo ya samu mukullin iyakarsa tada nginx da ikon root, ba zai goge maka komai na tsarin ba. Kar ka yarda ka sa NOPASSWD: ALL (izinin kowane umarni ba tare da faswod ba) ko da ka ga wasu na yi. Kuma lallai da visudo za ka gyara don tana duba kuskure kafin ta adana, ka bar wani terminal a buɗe har ka gwada, harafi ɗaya in ya karkace sai sudo ta ƙi ka.

A kod ɗin ka kira sudo -n don kar ta tsaya jiran faswod, sannan ka duba recv_exit_status (lambar sakamakon umarnin), in ya dawo 0 aiki ya yi, in ba haka ba karanta stderr (inda saƙon kuskure ke fita) ka ga me ta ce.