Amsa: Beyar ba ya zuwa sai dare

Ka ce kyamararka na nuna beyar yana zuwa cin abincin da ka ajiye masa a duro don farautarsa, amma sai tsakar dare, lokacin da doka ta hana harbi. Rage abincin, ɗan'uwa. Bokiti ɗaya ya isa, kullum da hantsi, ka ƙwanƙwasa duron kafin ka tafi.

A dajin Ontariyo na ƙasar Kanada na ga haka da idona. In duro ya cika maƙil, babu beyar ɗin da ke gaggawa. In kaɗan ne, wanda ya makara sai lasar ƙarfe, dole su fara fitowa tun la'asar sakaliya. Amma fa ka zauna inda iska ba za ta kai masa warinka ba, don in ya sansano ka sau ɗaya, ya koma yawon dare ke nan.