Ga mai tambayar nisan Kano zuwa Jidda

'Yar'uwa, kin ce kina son sanin nisan Kano zuwa Jidda a jirgi, ko Hajiyarku mai ciwon ƙafa za ta iya jure zaman. Wallahi ina karantawa gabana ya faɗi, don ni ma da tsohuwata na je Umara.

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda kusan kilomita 3,400 ne. In jirgi ya miƙe bai ya da zango ba, awa huɗu da rabi zuwa biyar kun sauka. Amma da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarsu, jirage suka koma zagaye, to ki tambaya ko har yanzu zagayen ake yi. Agogon Saudiyya kuma yana gaba da namu da awa biyu, kar lokacin sauka na jikin tikiti ya ruɗe ki.

Mu ba nisan ne ya galabaitar da mu ba, ejan ne. Mutumin nan ya dube ni ya rantse jirgi ɗaya ne har Jidda. Sai ranar tafiya muka ga ashe ta Addis Ababa za mu bi. Kano zuwa Addis kaɗai ta kusa nisan Kano zuwa Jidda, ga sama da kilomita 1,400 na jiran mu bayan nan. A kan kujera muka kwana. Garin a kan tudu yake, sanyinsa da daddare ba wasa ba, Inna sai rawar ɗari take, na cire mayafina na lulluɓa mata. Ƙafafunta sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Keken guragun da ya ce ya nema mana, da aka duba ba a ga sunanmu ba. Na kira shi har cajina ya ƙare bai ɗauka ba. Tsohuwar nan ita ke ba ni haƙuri, ni ina kuka a banɗaki. Da muka dawo ko kunya babu, wai ai mun samu ladan wahala! Na bar shi da Allah.

Don Allah ki karɓi tikitin a hannunki, ki ga sau nawa za a sauka, awa nawa za a jira. Keken ki nema wajen kamfanin jirgin da kanki. Maganinta ya zauna a jakar hannu, da rigar sanyi. Ki roƙa mata kujerar bakin hanya don ta riƙa tashi tana ɗan takawa.

Af, ki tambayi malaminku batun niyyar harami tun a gida, don a sama ake ratsa miƙati, wato wurin da ake ɗaukar harami. In kuma kin samu jirgin Madina kai tsaye, ni shi zan zaɓa ko ya fi tsada, ta huta a can kafin ɗawafi. Allah ya ba Hajiya lafiya, ku sa Inna a addu'a.