Aljihun hanji da hanjin jimina

Wata ɗaliba mai koyon aikin jinya ta rubuto daga Tawa, ta ce: "Malam, a aji an koya mana wani sashe na hanji da Faransanci, wai shi sekom. Ranar da aka yi wa ƙanena aikin apandisit na so in yi wa innarmu bayani da Hausa, sai bakina ya mutu. Me za mu ce masa?"

Ƴata, Allah ya ƙara wa ƙanenki lafiya. Mu fara ganin abin kafin mu raɗa masa suna. Ɗora hannunki a gefen mararki na dama, ƙasa da cibiya, kusa da ƙashin ƙugu. A nan ƙaramin hanji ke sauke kayansa cikin babban hanji. Sai dai ba baki da baki suka haɗu ba, ta gefe ƙaramin ya shiga, ya bar wata ƴar jaka rufaffiya a ƙasan mahaɗar, tsawonta kamar santimita 6 ga baligi. Ita ce sekom. A mahaɗar akwai ƴar ƙofar tsoka mai hana abin da ya wuce ya komo baya. A jikin jakar kuma akwai wani ɗan sili yana reto, kamar ƙaramin yatsa, shi ne ya kumbura wa ƙanenki har aka cire.

Kalmar daga Latin ta fito, ma'anarta makaho, don hanya ce da ba ta ɓullewa. Jamusawa ma makahon hanji suke ce masa. Larabawa suka ce al-a'awar, mai ido ɗaya. Da sauƙi mu kwaso wannan mu ce makahon hanji, amma ni ban yarda da shi ba. Ki gwada faɗa wa innarki haka, za ta dafe ƙirji ta ce: "Me ya makantar da shi?" A kunnen Bahaushe makanta lalura ce, wannan kuwa lafiyayyen sashe ne da kowa ke da shi. Abin da ke da baki ɗaya, gindinsa a ɗinke, a sa abu ya ɗan zauna a ciki, sunansa aljihu. Don haka ni aljihun hanji nake cewa, wancan silin kuma wutsiyar aljihun hanji. Ki ce mata wutsiyar ce ta kumbura aka yanke, aljihun yana nan. Za ta gane kafin ki rufe baki.

In kina son gani da ido, ki tsaya wurin rundawa da sassafe, ko ki jira layya. Idan an feɗe rago an ajiye tumbi gefe, ki bi siririn hanjin da hannu har inda ya yi kauri. Za ki taras da wata jaka doguwa, ta fi taƙi, cike da kore-koren dusa, ki matsa ta ko'ina ba ta da mafita sai ta inda ta soma. Na rago bai kai ya kawo ba, don tumbi ya riga ya yi yawancin aikin. Doki da jaki ba su da irin wannan tumbi, shi ya sa nasu aljihun ya zama randa: na doki ya kai mita 1, yana cin lita 25 zuwa 30. A ciki ƙananan halittun da ido ba ya gani suke jiƙa ciyawa su narkar da ita. Zomo ma a nan ya dogara, har yakan sake cinye wani kashi mai laushi da ke fitowa daga wurin. Kaza kuwa aljihu biyu gare ta. Namu ƙarami ne, yana taya tsotse ruwa da gishiri.

Tun da aikin jinya kike koyo, ga abin da zan roƙe ki. Mutanenmu komai ciwon ciki ne. Amma ciwon da ya fara a cibiya ya gangara mara ta dama, ga zazzaɓi ga amai, ba na jiƙo ba ne, ba na maganin wankin ciki ba. Na asibiti ne, kuma a ranar. Wutsiyar in ta fashe tana kisa. Wannan ya sa nake damuwa da suna: uwar da ta san wurin da sunansa ba za ta kwana uku tana dafa saiwa ba.

Wani dattijo kuma daga Yamai ya ce jikokinsa sun tambaye shi ma'anar "hanjin jimina, akwai na ci akwai na zubarwa", yana so a warware masa.

Baba, ai ku za mu tambaya, amma ga abin da na riƙe. Ana faɗin ta ga abin da alherinsa da sharrinsa suka cakuɗe, ba a karɓe shi duka ba, ba a yar da shi duka ba: zancen mai yawan surutu, shawarar baƙo, labarin da ke yawo a waya. Waɗanda suka yi karin maganar sun san tsuntsun da hannunsu. Jimina ciyawa da ganye take ci, tana haɗiyar tsakuwa don niƙa, hanjinta dogo ne ƙwarai, kuma tana da irin aljihun da muka ambata har biyu, manya. Mai gyaran irin wannan sai ya zauna ya bi shi gaɓa-gaɓa. Jikokinku ba su ga haka ba, don jimina ta yi wuyar gani a dajinmu, sai dai waɗanda ake kiwo a killace a wurare irin su Kelle, cikin jihar Damagaram. Ku sa a yanka musu zakara, ku baza hanjinsa a faranti, ku nuna musu aljihun nan biyu, sannan ku ce su ƙiyasta na tsuntsun da ya fi mutum tsawo.