Hoton Kaka da zanen kente

Kawu, ran da na zo Zariya biki, na buɗe maka hotunan gidanmu a zaure, ka tsaya kan na Kaka ka ce, "Wannan mai zanen kente fa, ta ina ta zama tamu?" Kunya ta hana ni amsawa gaban mutane.

A Gana ɗaukar hoto tsohon abu ne. Tun 1922 J.K. Bruce-Vanderpuije ya buɗe shagonsa Deo Gratias a unguwar Jamestown ta birnin Akra, wanda mu mutanen zango muke kira Ankara. Daga baya James Barnor ya buɗe nasa, Ever Young, a unguwar dai, ga kuma Felicia Abban, mace, wadda ta riƙa ɗaukar Nkrumah kansa, shugaban ƙasar Gana na farko. Mutanen bakin teku sun saba, in an yi aure ko an sami aiki, sai a ci ado a je gaban mai hoto. Mun tarar suna yi, muka shiga, amma da namu kayan.

Ka sake duban hoton da kyau, Kawu. Kakanmu na zaune da babbar riga mai aska takwas, aikin Zazzau, wadda ya taho da ita lokacin fataucin goro. Baba ya ce kwana uku yana turara ta kafin ranar, domin so yake a aika da hoton gida a ga bai sake ba. Wadda ke tsaye bayansa 'yar ƙabilar Ga ce, gaskiya ne. Ta musulunta kafin a ɗaura aure, ta haifa masa bakwai, duk ta kai su makarantar allo a Sabon Zango. Miyar kukar da na fara sha ita ta kaɗa. Zanen na uwarta ne, ta ce ba za a ɗauke ta ba sai da shi, shi kuwa bai hana ba.

Maƙwabtanmu kan buga hoton mamaci su manna a bango, gawa na jiran makonni. Mu yau aka rasu, yau ake binnewa, kamar ku. Hausarmu ta ɗan karkace, na sani, na ji yaranku suna kwaikwayona a tsakar gida, abin ya yi mini zafi.

An aiko da kwafin hoton nan Zariya tun Kaka na da rai. Don Allah a duba adakar Inna, ko yana nan.